Dirkar Da Ta Tsaya Da Ka

Ranar Talata na gano, saura kwana uku a yi bikin raya ginin, addu'ar da ake yi wa sabon gini kafin a fara amfani da shi. Ina bin dirkoki ne ɗaya bayan ɗaya ina shafa musu man kwakwa da tsumma, don su yi sheƙi ranar taro. Da na iso kan dirkar farko, wadda ke kusurwar da ta fuskanci dutse, sai babban yatsana ya faɗa wani ɗan kwarmi a inda bai kamata ba. Kowace gaɓar gora tana da ido, wurin da reshe ya taɓa fitowa, kuma idon a saman gaɓa yake zama yana duban sama. Wannan a ƙarƙashin gaɓa yake. Na taɓa gaɓa ta biyu, na taɓa ta uku, duk haka. Dirkar da ka take tsaye, gindinta na sama.

Na zauna a ƙasa riƙe da tsummana. Teku na ta aikinta a bayana.

Shekara hamsin ina aikin gora. Aji uku na yi a makaranta, mahaifina ya cire ni ya miƙa min adda, kuma abin da ya fara koya min shi ne gora yadda ta tsiro haka take tsayawa a gini. A garinmu na kan tudu ana cewa gidan da aka kafa wa dirka da ka, al'amuran mutanensa a juye suke zuwa. Mace mai ciki in tana zama a ƙarƙashinsa, ɗan da ƙafa yake fitowa. Ban san ko gora ce ke yin haka ba. Abin da na sani, uwar Sarni wajen haihuwar ƙanen Sarni ta tafi, da ƙafa ya zo, shi ma bai zauna ba. Yanzu Sarni, 'yata guda ɗaya, cikinta wata bakwai, bayan shekara goma sha ɗaya tana jira. Ginin kuwa nata ne da mijinta Lastra, gidan abincin da suka daɗe suna mafarki a nan garin Amed, a bakin teku mai baƙin yashi.

Na san lokacin da na yi kuskuren. Wata huɗu da suka wuce muka ciro gorar daga ruwan teku, inda ta yi wata uku a jiƙe don zaƙin cikinta ya fita, ƙwaro ya rasa abin ci. Muka baza ta a yashi, ni kuma ina bi ina ɗiga farar ƙasa a gindin kowace sanda. Ina cikin haka wata ƙaguwa ta zo wucewa, irin waɗanda ke aron ɓawon dodon koɗi su yi gida. Ita wannan ba ɓawo ta ara ba, kan 'yar tsana ta samu, na roba, mai ido ɗaya. Tana tafiya gaba, fuskar 'yar tsanar na kallona ta baya. Na bi ta har gindin duwatsu, na tsuguna ina tunanin ko ta san fuska take ɗauke da ita, ko sauran ƙaguwoyi suna jin tsoronta. Da na dawo, sai na ɗiga farar ƙasar a bakin da ya fi kusa da ni. Sandar daga tsakiyar gora aka yanko ta, kaurinta ɗaya sama da ƙasa, an kankare ta sumul. Daga ranar ban sake duba gaɓarta ba, ɗigon kawai na bi.

Tun farko Lastra ba ni ya so ba. Wani injiniya ya samo daga birnin Denpasar, mai zane a takarda da ƙusoshin ƙarfe da siminti. Sarni ce ta tsaya. Ta ce iskar teku shekara biyu take cinye ƙarfe, ta ce ginin ubanta da ƙusar gora da baƙar igiya ake haɗa shi, sandar da ta lalace a zare ta a sa wata, kurmin da aka saro ta kuma ya sake tsiro da kansa. Sun yi sati ba sa magana a kan wannan. Ita ta ci. Na ɗaga musu jinka kamar kwale-kwalen da aka kifa, a kan dirkoki goma sha biyu, aka baibaye ta da shuci. Masu wucewa a babur sukan tsaya su ɗauki hoto.

Na zauna ina lissafin hanyar fita, ban samu ba. In sa wata dirkar a madadinta, babu saura mai wannan kauri. In saro sabuwa, a kalandarmu satin nan satin tsirrai masu gaɓa ne, ba a saran gora ko rake a cikinsa, ko da an sara ma sai ta yi wata uku a ruwa. Abin da ya rage shi ne a juya wannan ɗin, kuma ba ta juyuwa sai an ɗaga kusurwar jinkar gaba ɗaya. Aikin mutum ashirin ne. Mutum ashirin kuwa duk Amed ke nan.

Da rana Sarni ta kawo min shinkafa da kifi a ganyen ayaba. Tana tafe tana dafa ƙugu.

"Bapa, ka zauna kamar wanda aka sace wa zakara. Me ya faru?"

"Ba komai, Luh," na ce, sunan da nake kiranta da shi tun tana ƙarama. "Gwiwa ce."

"Gwiwa ko wani abin mamakin ka sake gani? Ran nan Lastra ya ce ya same ka kana magana da ƙadangare."

"Shi ya fara."

Ta yi dariya, ta nemi wurin zama, ta jingina bayanta da dirkar. Da wannan dirkar.

"Dawo nan, akwai iska," na ce.

"Nan ma akwai. Kai, Bapa, sanyinta kamar tulu." Ta shafa gorar da tafin hannu. "Ka san jiya na tsaya daga bakin ruwa ina kallon ginin nan, na ce da Meme, uwata, na raye da ta ga abin da mijinta ya iya."

Maganar tana bakina, na riga na jera ta. Sai na ji na ce mata kifin ya yi gishiri. Ta ce tsufa ne ya lalata min harshe, ta kwashe ganyen ta tafi.

Ranar Laraba na zo da niyyar gaya wa Lastra. Na ce a raina namiji ne, zai yi faɗa ya gama, a tara masunta a juya ta. Na same shi yana rataye fitilu, yana waƙa. Ban taɓa jin yana waƙa ba.

"Ga maigidan gora," ya ce daga kan tsani. "Bapa, zan faɗi wata magana, amma kada ka gaya wa 'yarka, kanta zai kumbura. Injiniyan nan ya zo jiya da yamma. Ya zagaya sau uku, ya ce wa ya yi maka lissafin nauyin jinkar? Na ce wani tsoho ne mai aji uku. Ya cire hularsa."

"Lastra, akwai wani abu game da dirkar farko."

"Ita ce ta fi kyau ai." Ya sauko ya buga ta da tafi. "Nan zan sa teburin Sarni. Ba za ta shiga kicin da cikin nan ba, ta zauna nan tana karɓar baƙi daga safe har yamma. In ta haihu ma a ɗaura majanyin jaririn a jikinta. Me za ka ce?"

"Man bai gama shiga ba," na ce. "Kada a jingina mata komai tukuna."

"Kai da gorarka kamar amarya." Ya koma kan tsaninsa.

Na fita bakin ruwa na tsaya. Wani tunani ya yi ta yawo a kaina, ya hana ni sakat: jariri in kansa na ƙasa shi ne daidai, dirka in kanta na ƙasa shi ne ɓarna. Wa ya raba musu haka? Na yi ta juya shi har inuwata ta yi tsawo, ban kai ko'ina ba, kuma ranar ta tafi.

Ranar Alhamis da safe na je wurin Mangku Rauh, wanda ke jagorantar ibada a garin, shi ne kuma ya zaɓi ranar bikin. Na tarar yana yi wa zakaransa wanka a tsakar gida. Sa'ana ne, amma na zauna ƙasa da shi kamar yadda ya dace, na kira shi da laƙabin girmamawa.

"Jero Mangku, tambaya ce ta kawo ni. Wani mutum ne a garinmu."

"Mutumin garinku dai." Bai ɗago ba. "Shekara arba'in ana kawo min labarin mutumin nan, daga gari daban-daban, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Me ya yi yau?"

"Dirka ya kafa da ka. Ba da gangan ba. An riga an ɗora jinka. In aka yi addu'a aka yayyafa ruwan tsarki, ba ya rufe abin?"

Ya matse wa zakaran fiffike, ya sake shi.

"Pan Sarni," ya ce, wato uban Sarni, "ni ruwa nake yayyafawa. Ruwa ba ya juya itace. Abin da na tarar shi nake tayarwa. In na tarar da gini a tsaye, a tsaye zai farka. In na tarar da shi da ka, da ka zai farka, kuma haka zai rayu."

"Ko ba wanda ya sani?"

"Ai mutumin garinku ya sani."

Ya goge hannu a zaninsa, ya shiga ya ɗauko kalandarsa ba tare da na roƙa ba, ya bi layukan da yatsa.

"In ranar gobe ta kuɓuce, sai bayan kwana arba'in da biyu. Goben ma daga hantsi ne zuwa rana tsaka. In inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, na naɗe ƙararrawata." Ya rufe kalandar. "Ka gaida min mutumin garinku. Ka ce masa yau Alhamis ce, da sauran yini."

Na taso da sauri, na rantse a raina ina isa zan faɗa. Ina isa na tarar da filin cike. Dangin Lastra sun iso daga garin Karangasem a motoci biyu. Mata sun baje a kan tabarmi suna saƙa kwandunan hadaya da ganyen kwakwa, maza suna fiɗar agwagi, ana ta jajjaga yaji. Sarni ta hango ni ta kamo hannuna, ta bi da ni wurin dattawan mijinta ɗaya bayan ɗaya tana cewa ga ubana, shi ya gina. Wani kawun Lastra ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce yana so in je in yi masa rumfar shinkafa. Aka ba ni kofi, aka ba ni wurin zama mai kyau. Duk inda na juya akwai mai yi min murmushi.

Da yamma aka fito da yadudduka fari da rawaya da ake ɗaura wa dirkoki don biki. Na ce ni zan ɗaura na dirkar farko. Na naɗe ta tun daga ƙasa har inda hannuna ya kai, na rufe gaɓoɓi biyar, na ɗaure tamau. Wata tsohuwa ta ce ba a taɓa yi wa dirka sutura mai kyau haka ba. Ban iya kallonta ba.

Ranar Juma'a da hantsi kowa ya hallara cikin fararen kaya. An jera hadaya, hayaƙin turare ya cika ƙarƙashin jinka. Mangku Rauh ya zauna yana kaɗa ƙararrawa yana addu'a, mu kuma muna zaune a bayansa. Sarni na can gaba cikin mata. Da ya gama kashi na farko, ya yafito ni. A al'ada, wanda ya gina shi ke buga kowace dirka sau uku da guduma, ya tashe ta daga barci, sannan a shafa mata gawayi da farar ƙasa da jini. Da dirkar farko ake farawa. Ya miƙo min gudumar da hannu biyu, bai kalli idona ba.

Na je gabanta. Na ɗaga gudumar.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Na ji ƙararrawar ta tsaya. Na ji wani ya yi tari. Hannuna ya ƙi sauka, kuma ba ni da inda zan ja da baya, mutane sun kewaye ni ta ko'ina.

"Bapa," Lastra ya ce a hankali, "wani abin kallon ka gani? Buga mana."

Na ajiye gudumar a ƙasa. Na kwance yadin, zagaye bayan zagaye, har ya taru a ƙafata. Na ɗora yatsa a kan idon gaɓar.

"Da ka take," na ce. "Ni na kafa ta haka."

Dattawan da ke kusa suka miƙo wuya. Ba wanda ya buƙaci bayani. Lastra ya taso ya duba, ya taɓa, ya duba ta kusa da ita ya dawo.

"Tun yaushe ka sani?"

"Talata."

Sannan ya juya wurin Mangku Rauh, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Jero Mangku, a ci gaba. Gora ce. Da ka da gindi duk nauyi ɗaya take ɗauka. An yanka agwagi, mutane sun zo daga nesa."

Idon Mangku na wani wuri. Sarni ce ta miƙe. Ta dafa kafaɗar matar da ke kusa da ita, ta tashi da ƙyar, ta ratsa tsakanin kwandunan hadaya, ta fita daga ƙarƙashin jinkar ta tsaya a rana a kan yashi, hannuwanta biyu a kan cikinta. Uwar Lastra ta bi ta. Sauran matan suka bi, ɗaya bayan ɗaya.

Lastra ya cire farar rigarsa ya wurgar a kan tebur.

"Ku kawo sandunan kwale-kwale," ya ce wa masunta. "Duk wanda ke da kafaɗa ya zo."

Mutanen da kullum suke ɗaga kwale-kwale daga ruwa zuwa tudu ne, sun san ɗaukar kaya tare. Suka tokare kusurwar da dogayen gorori, mutum ashirin da wani abu suka shiga ƙarƙashi, wani ya ba da murya, jinkar ta yi ƙara ta ɗagu kamar taƙi guda. Na hau tsani na yanke igiya, na fara fitar da ƙusoshin gora. Biyu suka fita. Ta ukun ta sha iskar teku ta kumbura, ta ƙi motsi. Na yi ta bugu, su kuma suna riƙe, gumi na zuba.

"Tsoho, ka yi sauri, ba kifi muke ɗauke da shi ba," wani ya ce daga ƙasa.

"Bar shi, ƙila ƙusar ma da ka ya sa ta," wani ya amsa. Aka yi 'yar dariya ta masu nishi.

Da ta fita, muka kwantar da dirkar muka juya ta. Sai dai bakin da na fafe don ya rungumi gorar da ke gicciye a sama yanzu ya koma ƙasa. Dole na fafe sabon baki a ɗaya gefen, na daidaita na ƙasan da zarto, dirkar ta rage tsawo da yatsa huɗu. Aka bazu neman faffaɗan dutse da za a ƙara a ƙarƙashinta. Na farko ya yi kauri, na biyu ya tsage. Da na ukun ya zauna aka sauke jinkar, na ɗaure igiyar ƙarshe, na duba ƙasa. Inuwar tsanin ta riga ta karkata gabas. Mangku Rauh yana naɗe ƙararrawarsa a farin ƙyalle.

An ci agwagin dai, a kan yashi, kowa da ganyensa. Dangin Karangasem suka koma kafin yamma. Kawun nan bai sake maganar rumfar shinkafa ba.

Ginin da ba a raya ba, ba a hura wuta a cikinsa, ba a ciyar da kowa. Lastra ya kafa tamfol a gefe, a nan yake gasa kifi yana sayar wa 'yan baƙin da suka zo ganin gini, su ci a tsugune su tafi. Ya ce tunda ni na ja, ni zan zauna gadin wurin har ranar ta zo, in hana karnuka da masu hoto shiga. Ban da wannan bai ƙara yi min magana ba. Ina zaune daga safe zuwa yamma a tsakanin tebura ashirin da ba kowa, ina jin jinkar tana 'yan ƙananan ƙararrakinta in iska ta taso. Yau kwana goma sha shida.

Sarni ke kawo min abinci. Ba ta shigowa, daga bakin matakala take miƙo min. Jiya ta tsaya ta ɗan jima.

"Da ranar Talatar ka faɗa min, Bapa," ta ce, "da Laraba da safe an juya ta, a sha kofi a watse. Ba wanda zai ƙara tunawa."

"Na sani, Luh."

"Na jingina da ita a gabanka."

"Na sani."

Ta kalli teku. Na buɗe ganyen, na rufe.

"Kin je wurin ungozoma?"

"Na je."

"Me ta ce?"

"Ta ce bai juyo ba tukuna, kansa na sama. Ta ce da sauran lokaci, wasu sai dab da haihuwa suke juyowa." Ta gyara zaninta. "Ci abincinka kafin ya huce. Zan dawo ɗaukar kwanon ruwan."